Rabon Duna

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta gangara daga bakin gadar Wudil zuwa lambunan gefen kogi ya san Malam Dabo, ko da bai san sunansa ba. Dogon tsoho ne siriri mai ɗan ranƙwafawa, kullum da 'yar shara mai ruwan ƙasa da gatari a kafaɗa, wani baƙin kare na biye da shi taku biyu a baya. Ba shi da yawan magana. In ka gaishe shi zai amsa gaisuwar har ƙarshenta, ya tambayi gida ya tambayi gajiya, sannan ya wuce bai ƙara ko kalma ɗaya ba.

A Utai aka haife shi, a gidan mafarauta. Mahaifinsa bai bar masa shanu ba, bai bar masa wata gona mai faɗi ba. Abin da ya bar masa shi ne sanin sawun dabba, sai kuma wata ƙa'ida guda da gidansu ke riƙe da ita tun kakanni. Duk naman da aka kamo, zomo ne ko gafiya ko gada, da zarar an yanka an feɗe, ba mai taɓa shi sai an fara cire rabon karen da ya sha wahalar kamun. Rabon nan kuwa ba ƙashi ba ne. Kitse ne, wurin da ya fi maiƙo a jikin dabbar, kuma da hannu ake miƙa masa, ba a jefa masa a ƙasa. A ganin mutanen gidan, wanda ya hana karensa kitse ya ci amanar abokin aiki, ba kuma zai ƙara ganin albarkar daji ba.

Dajin ya ƙare a kan idon Dabo. Inda suke bin sawun gada ya zama gonaki, wasu gonakin kuma suka zama gidaje. Da ya ga farauta ta koma yawon rana kawai, sai ya tattara ya dawo cikin Wudil kusa da ƙanensa Halliru, ya kama wani ɗan lambu a hayin kogi yana shuka dankali da kabewa da albasa. Da shi da matarsa Turai ɗa ɗaya suka raya, Mudassir, wanda aiki ya kai Fatakwal tun da daɗewa. Yakan kira a waya, su yi gaisuwa mai tsawo, daga nan duka su biyun su rasa abin faɗa.

Karen da ke bin sa Duna ne, na ƙarshe a jinin karnukan mahaifinsa. Duna bai taɓa ganin gada ba. Farautarsa ba ta wuce gafiyar lambu da korar awakin da ke tsallako shinge ba. Lokacin da Turai ke raye, iyakarsa zaure, a nan kaskon abincinsa yake. Bayan rasuwarta, shekara huɗu ke nan, kaskon ya fara matsowa. Da farko ya shigo bakin ƙofar tsakar gida, sannan gindin bishiyar darbejiya, har ya zo ya tsaya taku uku daga tabarmar Dabo. Ba wanda ya ce komai, don ba kowa a gidan da zai ce.

Tun ranar da aka share makoki ba a sake hura wuta a gidan ba. Abincin Dabo daga gidan Halliru yake zuwa, katanga ɗaya ce tsakaninsu. Suwaiba, matar Halliru, tana jin kunyar yayan mijinta ƙwarai, ba ta iya haɗa ido da shi. Takan ɗora kwano a kan katanga, ta ƙwanƙwasa murfin sau biyu da cokali, ta koma. Shi kuma ya ci, ya juye wa Duna ragowar tuwon da miyarsa da man da ke kai, ya wanke kwanon ya mayar inda ya ɗauka.

Kwana shida na mako haka suke tafiya. Ranar Juma'a ce kaɗai ta bambanta, ranar da kasuwar Wudil ke ci. Bayan an sauko daga masallaci, Dabo zai koma gida ya kwance Duna, su ratsa cunkoson motocin shanu har rumfar Sabo mahauci. Sabo gajere ne mai ƙiba, mai babbar murya, wanda bakinsa ba ya hutawa ko wuƙarsa ta huta. Sun fi shekara ashirin tare. Akwai wani benci a gefen rumfar da kowa ya san na Dabo ne. Da ya hango su, Sabo zai fara:

"Ga sarkin daji nan da dakarunsa. Yau giwa nawa aka kayar, ranka ya daɗe?"

"Wadda ka yanka jiya kake sayar wa mutane a matsayin sa," in ji Dabo.

Iyakar barkwancin Dabo ke nan a mako, kuma yakan tanade shi tun daga gida. Sai Sabo ya yi dariya har ya dafa teburi, ya yanko kitse mai kauri daga jikin ƙoda, ya miƙa wa Dabo, Dabo ya miƙa wa Duna da hannu. Sabo ya san ƙa'idar gidan mafarauta, kuma yana alfahari da cewa tun da daji ya ƙare, daga teburinsa rabon kare ke fita. A bencin nan Dabo ke jin labarin gari, wa ya rasu, wa ya dawo daga Makka, wace gona ruwa ya ci. Ba ya sa baki. Zaman kawai yake so, a ce ga shi cikin mutane, ana magana ta gefensa.

Da Babbar Sallar bara, Duna yana da shekara tara, jikinsa ya yi nauyi, gashinsa na sheƙi. Layyar ta zo a farkon damina. Halliru ya yanka rago, Suwaiba ta ɗora kwano biyu a katanga maimakon ɗaya, na biyun cike da soyayyen kitse da guntattakin da suka rage a kaskon suya. Sabo ma ya aiko da nasa ƙunshin. Maƙwabta da suka san akwai kare a gidan suka riƙa wurgo abin da ya ishe su ta kan katanga. Kwana uku Duna yana ci, Dabo yana kallonsa da farin ciki, yana ganin ko ba komai karen gidansu ya yi Sallah irin ta da.

A rana ta huɗu da hantsi Duna ya yi amai. Ya sake yi kafin azahar. Ya ƙi ruwa, ya ƙi tuwo, ya koma gindin darbejiya yana wani irin tsayi da Dabo bai taɓa gani ba, ƙirji a ƙasa, ƙafafun gaba a miƙe, ƙugu a sama, jikinsa na rawa. Da Dabo ya kai hannu cikinsa sai ya yi ƙara, ya juyo kamar zai cije shi, sannan ya sunkuyar da kai. Dabo ya jiƙa sassaƙen da mahaifinsa ke ba karnuka in sun ci mugun abu, ya ɗura masa. Maganin bai zauna a cikinsa ba. Washegari idanun Duna sun faɗa, bakinsa ya bushe, ko tashi ba ya iya yi.

Mai adaidaita na farko da Dabo ya tsayar ya leƙa ya ga kare, ya ja abinsa ya yi gaba. Na biyu ya ce ya yi haƙuri, fasinja ba za su yarda su zauna inda kare ya kwanta ba. Sai Dabo ya koma gida ya ɗauko baron da yake kwasar taki da shi, ya shimfiɗa tsohon buhu, ya kwantar da Duna, ya tura shi a gefen titi har asibitin dabbobi. Mutane na kallonsa, shi kuma yana kallon tayar baron.

Wadda ya samu wata matashiyar likita ce mai suna Khaulat, wadda aikinta ya fi yawa a kan shanu da tumakin kasuwar dabbobi. Ta sa safar hannu ta tsuguna gaban baron. Ta duba dasashin karen, ta ja fatar wuyansa ta ga ba ta koma da wuri ba, ta danna cikin a hankali. Sannan ta tambayi abin da ya ci a kwanakin nan. Dabo ya lissafa mata, har da ɗan alfahari a muryarsa, don kada ta ɗauka irin karnukan da ake bari da yunwa ne. Tana saurare tana gyaɗa kai, fuskarta ba walwala.

Ta yi masa bayani da Hausa mai sauƙi. Ta ce akwai wata 'yar tsoka doguwa da ke kwance a jikin tumbi, daidai inda hanji ya fara, ita ke fitar da ruwan da ke narkar da abinci, musamman maiƙo. In maiƙo ya yi mata yawa takan kumbura, ruwan nan ya juyo ya fara cin ta ita kanta, shi ya sa ciwon ke da zafi haka. Ta faɗi sunan ciwon da Turanci, bai zauna a kan Dabo ba. Amma tsokar ya gane ta. Ya feɗe dabbobin da ba zai iya ƙirgawa ba, ya sha ganin ta, fara-fara mai laushi, sai dai ba wanda ya taɓa gaya masa tana da aiki. Likitar ta ce tabbatarwa sai an kai jini Kano, amma alamun sun ishe ta ta fara magani. Ta sa wa Duna ruwa ta jijiya, ta yi masa allurar tsayar da amai da ta rage zafi. Kwana uku Dabo yana turo baro da safe, ya zauna a dakalin asibitin har ruwan ya ƙare.

A rana ta uku, da Duna ya ɗaga kai ya lashi ruwa da kansa, ta zaunar da Dabo ta gaya masa abin da ya fi allurar muhimmanci. Daga yau, in ji ta, abincin Duna dabam ne. Shinkafa ce da ta dahu luguf, ko dankali ko kabewa, a haɗa da ƙirjin kaza da aka cire wa fata, ko karfasa da aka zare wa ƙaya. Ban da tarwaɗa, don tana da mai. In ƙwai ne, farin kawai, ban da gwaiduwa. A dafa da ruwa zalla, ba mai, ba magi, ba albasa. Ba ragowar miya, ba ƙuli-ƙuli, ba nono, ba ɓargo. Kuma kada a cika masa kasko sau ɗaya a yini kamar yadda aka saba. Kaɗan-kaɗan za a ba shi, sau huɗu, kowane bai wuce cikin ƙaramin kofi ba.

Dabo ya tambaya har zuwa yaushe. Ta ce har iya rayuwarsa, domin tsokar da ta taɓa kumbura ba ta mantawa. Sai ya ce mata a hankali wannan fa karen mafarauta ne, akwai abin da yake haƙƙinsa, ko sau ɗaya a mako.

"Baba," ta ce, "kitsen nan shi ya kawo shi nan. In ya sake ci, ban san ko zan iya tashinsa ba."

A ranar Dabo ya buɗe ɗakin girkin Turai. Ya share yanar gizo, ya fito da ƙaramar tukunyarta, ya tsaya riƙe da ita ya daɗe. Ya san gashin nama a daji, amma bai taɓa dafa shinkafa ba. Ta farko ta ƙone. Ta biyu ba ta dahu a ciki ba. Ta uku ta zama kamar kunu, sai ya tuna ai haka likita ta ce, ya ji daɗi. Ya je bakin kogi wajen masunta ya zaɓi ƙananan karfasa, ya zauna yana zare ƙaya ɗaya bayan ɗaya. Duna ya shinshina kaskon, ya kalli Dabo, ya kau da kai. Sai da Dabo ya ɗebo a tafin hannunsa ya miƙa masa sannan ya ci.

Hayaƙin da ya tashi daga gidan bai ɓoyu ba. Suwaiba ta gani daga tsakar gidanta, ta shiga ɗaki ta yi kuka, don ta ɗauka Yaya ya gaji da girkinta ne ya rasa yadda zai faɗa. Halliru ya shigo da sallama ya tambaya ko an yi masa laifi. Da ya ji gaskiyar magana sai ya rasa inda zai sa idonsa. Ya ce shi ba ya hana, amma Yaya ya duba, dattijo kamarsa a ce yana tsugune gaban murhu yana yi wa kare girki, da kifi kuma, a unguwar da wasu ba su ga kifi ba tun watan jiya. Dabo ya ce ya duba. Ya roƙi abu ɗaya, a gaya wa Suwaiba abincinta ba abin da ya same shi, kuma don Allah a daina wurgo komai ta katanga. Dalilin ciwon kuwa bai faɗa wa kowa ba. Ciwon ciki kawai ya ce. In ya ce kitse ne, to ya ce hannun duk wanda ya yi masa alheri da Sallah ne ya kwantar da karensa, shi kuwa bakinsa ba zai iya furta haka ba.

Yininsa ya koma bin kaskon. Yakan ba Duna na farko in ya dawo daga sallar asuba, na biyu da hantsi a lambu daga cikin wani ɗan kwano mai murfi, na uku bayan azahar, na huɗu kafin magariba. Duna ya rame, sannan ya fara murmurewa. Haƙarƙarinsa ya fito, amma tafiyarsa ta yi sauƙi, har ya koma korar awaki.

Juma'a biyu Dabo bai je kasuwa ba. Ya san layin mahauta, ƙasa cike take da guntattaki, kuma duk wanda ya ga Duna sai ya jefa masa wani abu. Ya zauna a gida yana jin rurin shanu da ƙahon manyan motoci daga nesa. A Juma'a ta uku, bayan la'asar, aka yi sallama da babbar murya a zaure. Sabo ne, ya rufe rumfa da wuri, ya sa wankakkiyar riga, da ƙunshi a hannunsa. A shekara ashirin ɗin nan sau biyu kawai ya taɓa taka gidan, na ƙarshe ranar gaisuwar Turai.

"Na ji an kwantar da babban kwamanda," in ji shi. "Na ce bari in zo dubiya, kada ya warke ya riƙe ni a zuciya."

Dabo ya shimfiɗa masa tabarma ya kawo ruwa. Suka gaisa doguwar gaisuwa. Sabo ya ba shi labarin mako uku a dunƙule, ya ce benci ya yi ƙura, har wani mai sayar da igiya ya fara zama a kai ya kore shi. Sannan ya kalli Duna ya girgiza kai, ya ce wannan ai ba ciwo ke damun sa ba yanzu, yunwa ce, an mai da zaki ɗan makarantar kwana. Ya kwance ƙunshin. Kitsen ƙoda ne fari tas, mafi kyau a jikin bijimin da ya yanka ranar, ya ce tun safe ya ware shi, mutum biyu sun taya ya hana. Ya miƙa wa Dabo da hannu biyu.

Duna ya riga ya taso, jelarsa na kaɗawa, yawu na zuba. Dabo ya karɓa, don ba a mayar da hannun wanda ya taho takanas. Ya yi niyyar ya ce zai ajiye sai an jima. Amma Sabo na zaune yana murmushi yana jira ya ga abin da ya zo gani, kamar yadda ya saba gani kowace Juma'a. Maganar likita na kunnen Dabo, ƙa'idar mahaifinsa na ƙirjinsa, ga kuma karar abokin da ya rufe rumfa saboda shi. Ya ce a ransa ɗan kaɗan ba zai yi komai ba. Ya ciro wuƙa ya yanki kamar yatsa biyu ya miƙa. Sabo ya ce haba, wannan ai rowa ce, sai ya ƙara wani.

Washegari da hantsi, a lambu, Duna ya sa ƙirji a ƙasa ya ɗaga ƙugu.

Wannan karon ya fi na farko tsanani. Likita Khaulat ba ta yi faɗa ba. Ta sa ruwan, ta yi alluran, sannan ta tsaya a gabansa ta ce, "Baba, me ya ci?" Ya gaya mata duka, har da rigar da Sabo ya sa. Ta ce ta gane, ita ma 'yar gari ce, ta san nauyin mayar da kyauta. Amma shi abokin nasa bai san yana cutarwa ba, kuma ba zai taɓa sani ba muddin ana ɓoye masa, zai sake kawowa ne da zuciya ɗaya. Kwana biyar Duna ya yi tsakanin tashi da tafiya. A na shida ya lashi ruwan shinkafa daga yatsan Dabo.

Juma'ar da ta biyo, Dabo ya ba Duna abincin azahar, ya kulle shi a gida, ya tafi kasuwa shi kaɗai. Hannunsa na ta neman kan karen a gefensa yana samun iska. Sabo ya hango shi ya buɗe baki zai fara kirarin da ya saba, sai ya ga ba kare. Duk da haka hannunsa ya riga ya kai ga kitsen ya yanko. Dabo bai zauna a benci ba. Ya jira mai sayen da ke gaban teburin ya tafi, ya matso kusa, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ya ce ciwon Duna maiƙo ne ke tayar da shi, na Sallah shi ya fara kwantar da shi, na ranar nan kuma saura ƙiris ya kashe shi. Ya ce laifin nasa ne shi Dabo, don ya sani bai faɗa ba.

Sabo ya daɗe yana kallon abin da ke hannunsa.

"Wato shekara tara guba nake ba shi."

"Ban ce haka ba, Sabo."

"Ka bar ni na zauna a tabarmarka ina cewa ka ƙara masa. Kana kallona."

Sabo ya jefa kitsen cikin daro, ya goge wuƙarsa a jikin tsumma, ya ce Allah ya ƙara sauƙi. Ya ce benci na nan in zai zauna. Dabo ya zauna. Amma Sabo bai yi barkwanci ba, ya mai da hankali kan masu saye, yana yanka yana aunawa kamar wanda aiki ya yi wa yawa. Da rana ta karkata Dabo ya tuna bai jiƙa shinkafar magariba ba, ya miƙe ya yi sallama. Sabo ya amsa bai ɗago ba.

Ba su yi faɗa ba, kuma ba wanda zai ce sun ɓata. In sun haɗu a masallaci sukan gaisa har ƙarshen gaisuwa, Sabo ya tambayi mai jiki, Dabo ya ce da sauƙi. Dabo ya koma rumfar sau biyu ko uku, amma zaman ba ya tsawo, hankalinsa na kan karen da ya kulle, shi kuma Sabo ya rasa da me zai tarbe shi tun da abin da ya saba miƙawa ya haramta. A hankali mai sayar da igiya ya gaje bencin.

Duna kuwa ya rayu. Ya kusa shekara bai yi amai ba. Dabo ya ƙware a girkinsa har ya san da ido ruwan da kofi ɗaya na shinkafa ke sha, ya san karfasar da ta kwana da wadda aka kamo da safe. Ya ware kunya biyu a lambu ya shuka dankalin da ba na sayarwa ba.

Da Babbar Sallar bana ta matso, ya yi kwanaki yana kallon katangar gidansa. Ya san ba zai iya tsare ta ba. Mutane za su wurgo, don alheri suke nufi, shi kuma ba zai bi gida-gida yana roƙon a daina yi masa alheri ba. Ranar Sallah ya sa farar rigarsa ya je Idi, ya shiga gidan Halliru ya yi barka da Sallah, ya tsaya har aka yanka ragon. Sannan ya koma gida ya cire rigar ya ninke. Ya ɗaure tukunya da kasko da mudun shinkafa a cikin buhu, ya saɓa tabarma, ya kira Duna. Ta bayan gari suka bi, inda ba a feɗe komai a bakin hanya, suka haye gada zuwa bukkar lambu.

Kwana uku suka yi a can. Ba kowa a lambunan, kowa na gida wajen nama. Da la'asar iska takan kwaso ƙanshin suya daga cikin gari ta ƙetaro kogi da shi, Duna ya miƙe ya ɗaga hanci, ya yi 'yan taku wajen ruwa, ya waiwayo. Dabo ya kira sunansa sau ɗaya, sai ya dawo ya kwanta. A rana ta biyu aka yi yayyafi, itacen ya jiƙe, wutar ta ƙi kamawa. Dabo ya durƙusa yana hurawa, hayaƙi na shiga idonsa, har ta kama. Da shinkafar ta dahu ya auna kofi ɗaya ya zuba a kasko, ya marmasa kifin a kai, ya sa yatsa ya ji ta huce. Duna ya cinye ya lashe kaskon tas, ya zo ya kwanta ya ɗora haɓarsa a kan ƙafar tsohon. Dabo ya jawo tukunyar, ya barbaɗa ɗan gishiri a kan abin da ya rage, ya yi bisimilla.